Dakatar da zare ɗaya a pthreads da yadda sigina ke isa ga zaruruwa

Tambaya: Ina rubuta manhaja da C a kan Linux, tana da zaruruwa da dama, wato hanyoyin aiki da ke gudana tare a cikinta. Ina so zare ɗaya ya iya dakatar da wani na ɗan lokaci sannan ya sake shi, kamar yadda SuspendThread ke yi a Windows, amma ban ga irin wannan kiran a pthreads ba. Da na aika SIGSTOP ta pthread_kill sai manhajar ta tsaya ɗungurungum. Yaya ake yi? Kuma idan aka aiko sigina, wane zare ne ke karɓa?

Amsa: Malam, kiran da kake nema babu shi, kuma ba mantuwa aka yi ba. Ƙa'idar zaruruwa ta POSIX, wato pthreads, da ta fito a 1995 ba ta tanadi hanyar da wani zare zai daskarar da ɗan'uwansa ba. Wasu tsare-tsaren sun yi nasu a gefe: Solaris na da thr_suspend, FreeBSD na da pthread_suspend_np, macOS na da thread_suspend na Mach. A Linux kuwa glibc, laburaren C da aka saba amfani da shi, ba ta ba da ko ɗaya ba.

Dalilin shi ne makullai. Idan ka tsayar da zare daga waje, ba ka san a wane layi ka same shi ba. Yana iya kasancewa a tsakiyar malloc, riƙe da makullin da ke tsare rabon ƙwaƙwalwa, ko a cikin printf, riƙe da makullin stdout, ko a cikin dlopen. Waɗannan makullai na laburare ne, ba ka ganinsu a kod ɗinka. Daga lokacin da ka tsayar da shi, duk zaren da ya nemi wannan makullin zai tsaya shi ma. Idan zaren da ya kamata ya sake shi ne ya kira printf don rubuta cewa ya dakatar da wane, shi ke nan an yi cirko-cirko, kowa na jiran kowa. Abin takaicin shi ne ba kullum yake faruwa ba. Manhajar za ta wuce gwaji lafiya lau, sai ta je hannun masu amfani da ita ta riƙa sandarewa jefi-jefi. Wannan matsalar ce ta sa Java ta yi gargaɗin a daina amfani da Thread.suspend tun sigar 1.2 a 1998, kuma Microsoft da kanta ta bayyana cewa an yi SuspendThread ne musamman don manhajojin binciken kuskure, wato dibaga, ba don daidaita aiki tsakanin zaruruwa ba.

Game da SIGSTOP, akwai abubuwa uku da ya kamata ka raba. Matakin da ake ɗauka idan sigina ta iso, wato a yi watsi da ita, a bi abin da aka saba, ko a kira wani aiki da ka rubuta wanda ake kira mai karɓar sigina, na furoses ne baki ɗaya, wato manhajar da ke gudana da duk zaruruwanta. Idan zare ɗaya ya kira sigaction, ya canza wa kowa. Shingen sigina, jerin waɗanda aka toshe, kowane zare da nasa, kuma da pthread_sigmask ake canza shi. Siginar da aka aiko ba a karɓa ba tana zama a ɗaya daga layuka biyu, na furoses ko na zare. To pthread_kill yana zaɓar zaren da za a miƙa wa sigina ne kawai, ba ya taƙaita tasirinta. Aikin SIGSTOP shi ne tsayar da furoses, aikin SIGKILL kashe furoses, ba a iya toshe su ko tare su, don haka ko wane zare ka nufa da su kowa zai shafa. Idan ka ci karo da tsohon rubutu da ke cewa dabarar tana aiki, mai yiwuwa daga zamanin LinuxThreads ne, laburaren da Xavier Leroy ya rubuta a 1996, inda kowane zare ke da lambar furoses tasa. NPTL, sabon laburaren zaruruwa na Ulrich Drepper da Ingo Molnar, wanda ya zo tare da Linux 2.6 a 2003, shi ya daidaita abin da ƙa'idar POSIX.

Wa ke karɓa? Siginar da kuskuren zare ya haifar, irin su SIGSEGV, SIGFPE, SIGBUS da SIGILL, tana zuwa ga zaren da ya yi kuskuren. Wadda aka aika da pthread_kill ko raise tana zuwa ga zaren da aka nufa. Wadda aka aika wa furoses, ta kill ko ta danna Ctrl da C a tamina, kenel, wato zuciyar Linux, ne ke miƙa ta ga ɗaya daga cikin zaruruwan da ba su toshe ta ba, kuma ba ka da ikon zaɓe. Idan duka sun toshe ta, sai ta zauna a layi har wani ya buɗe ko ya karɓe ta da sigwait.

Yanzu ga abin da nake ba ka shawara ka yi, domin shi ne daidai a kusan duk manhajar da ba dibaga ba ce: ka roƙi zaren ya tsaya da kansa a inda ya zaɓa. Kana buƙatar makulli ɗaya na pthread_mutex_t, wuraren jira biyu na pthread_cond_t, tuta mai cewa a dakata, da ƙidayar zaruruwan da suka riga suka tsaya. A cikin zagayen aikinsa, zaren yana duba tutar a wurin da ba ya riƙe da kowane makulli kuma bayanansa suna a kammale, misali bayan ya gama aiki ɗaya kafin ya ɗauki na gaba. Idan tutar na sama, sai ya ɗauki makullin, ya ƙara ƙidaya, ya sanar da mai dakatarwa ta wurin jira na farko, sannan ya kwanta a pthread_cond_wait na biyu. Jiran nan dole ya kasance cikin while mai sake duba tutar, ba if ba, saboda POSIX ta yarda pthread_cond_wait ya farka ba tare da kowa ya tashe shi ba. Mai dakatarwa kuma bayan ya ɗaga tuta ba zai ɗauka an tsaya ba, sai ya jira ƙidayar ta cika. Mutane da yawa suna tsallake wannan matakin, sai su taɓa bayanan da zaren ke kan rubutawa. Idan lokacin saki ya yi, a sauke tuta ƙarƙashin makulli a kira pthread_cond_broadcast. Idan wurare biyu a manhajar na iya neman dakatarwa a lokaci guda, mayar da tutar ta zama lamba, kowane nema ya ƙara ɗaya, kowane saki ya rage ɗaya, zaren ya tashi idan ta koma sifili.

Kada tsadar dubawar ta dame ka. Sanya tutar ta zama atomic_int na C11, zaren ya karanta ta ba tare da makulli ba, sai ya ga ta tashi sannan ya bi doguwar hanya. Karatu ɗaya ne daga ƙwaƙwalwa. Abin da za ka auna shi ne tazarar da ke tsakanin dubawa biyu, domin ita ce iyakar jinkirin dakatarwa. Idan aiki ɗaya na cin daƙiƙa 5, sai ka saka wurin dubawa a cikinsa.

Inda wannan tsari ke cijewa shi ne zaren da ya kwanta a read ko accept yana jiran bayanai daga waje, domin ba zai zo wurin tuta ba. Maganin shi ne kada ya jira abu ɗaya. Ka ba shi eventfd ko bututu, ya jira da poll a kan soket ɗinsa da wannan ƙofar tare, mai dakatarwa ya rubuta a ƙofar bayan ya ɗaga tuta. Wata hanyar ita ce zaren ya ƙirga kansa cikin waɗanda suka tsaya kafin ya shiga dogon jira, idan ya fito kuma ya duba tuta kafin ya taɓa komai. Akwai masu aika sigina don read ya dawo da EINTR, alamar cewa sigina ta katse shi, amma nan akwai rige-rige: idan siginar ta iso bayan zaren ya duba tuta kafin ya shiga read, ta tafi a banza, zaren kuma ya kwanta. Don rufe wannan giɓin aka yi pselect, ppoll da epoll_pwait, waɗanda ke buɗe shinge da shiga jira a mataki ɗaya.

Siginonin da ke zuwa daga waje, SIGINT, SIGTERM, SIGHUP da makamantansu, hanya mafi tsabta ita ce ka hana su faɗo wa kowa a tsakiyar aiki. A farkon main, kafin ka ƙirƙiri zare ko ɗaya, ka toshe su da pthread_sigmask. Kowane sabon zare yana gadon shingen wanda ya haife shi, don haka duka za su taso a toshe. Sannan ka ware zare ɗaya da ba shi da aiki sai kiran sigwait ko sigwaitinfo a zagaye. Shi ba a cikin mai karɓar sigina yake ba, kod ne na yau da kullum, yana iya ɗaukar makulli, ya rubuta rahoto, ya ɗaga tutar dakatarwa ko ta rufewa. Idan manhajar na da zagayen epoll, signalfd da ya shigo a Linux 2.6.22 yana mayar da sigina abin karantawa kamar fayil, amma shi ma sai an toshe siginonin a duk zaruruwa tukuna.

Tuntuɓen da ake yi a nan sananne ne. Idan wani laburare ya ƙirƙiri zarensa kafin ka sa shinge, wannan zaren zai zama ƙofa a buɗe, SIGTERM ta bi ta kansa ta kashe furoses ba tare da sigwait ya ji komai ba. Shinge kuma yana bin yaro, wato sabon furoses da aka haifa ta fork, yana nan ko bayan exec, don haka manhajar da ka tayar za ta gaji SIGINT a toshe, mai amfani ya yi ta danna Ctrl da C ba ta motsa ba. Ka share shingen a yaron kafin exec, ko ka yi amfani da posix_spawnattr_setsigmask. Kada ka toshe SIGSEGV da 'yan'uwanta da nufin kama su a sigwait, domin idan kuskure na gaske ya auku alhali suna toshe, Linux kashe furoses yake yi. SIGPIPE ka sa mata SIG_IGN ko ka aika da MSG_NOSIGNAL ka karɓi EPIPE. Sannan siginoni na 1 zuwa 31 ba sa yin layi: idan yara uku suka mutu kafin ka karɓa, SIGCHLD ɗaya za ka iya gani, don haka kira waitpid da WNOHANG a zagaye har sai ya ce babu saura.

Akwai yanayin da roƙo ba ya isa, misali mai kwashe sharar ƙwaƙwalwa da ke buƙatar duba sitak ɗin kowane zare, wato wurin da yake ajiye bayanansa na wucin gadi, ko mai auna inda manhaja ke ɓata lokaci. A nan ake tilasta wa zare ya tsaya da sigina biyu, ɗaya ta dakatarwa ɗaya ta saki. Mai kwashe shara na Boehm ya daɗe yana yin haka a Linux da SIGPWR da SIGXCPU. Tsarin yana da sauƙin faɗi, amma kowane mataki akwai dalilinsa.

Ka ɗora mai karɓar siginar dakatarwa da sigaction, ka sa SA_RESTART, kuma ka tabbata siginar saki tana cikin sa_mask domin ta kasance a toshe muddin ana cikin mai karɓar. Da shigarsa, ya adana errno a gefe, ya ajiye abin da ake buƙata kamar matsayin sitak, ya kira sem_post don shaida cewa ya tsaya, sannan ya shiga sigsuspend da shingen da ya buɗe siginar saki. Amfanin toshewar farko shi ne idan saki ya iso tsakanin sem_post da sigsuspend, zai jira a layi, sigsuspend ya dawo nan take. Da pause aka yi amfani kuma siginar a buɗe, za ta wuce, zaren ya yi barcin da ba farkawa. Ita siginar saki dole a ba ta mai karɓa ko da babu komai a cikinsa: idan ka sa SIG_IGN ba za ta tashi sigsuspend ba, idan ka bar ta yadda ta zo za ta kashe furoses. Kamar a pthread_cond_wait, sigsuspend ma a cikin zagaye yake zama yana duba tuta, domin wata siginar daban na iya tashinsa. Kafin fita a mayar da errno, in ba haka ba kod ɗin da aka katse zai ga EINTR da ba nasa ba.

Mai dakatarwa yana aika pthread_kill ga kowane zare, sannan ya kira sem_wait sau adadin waɗanda ya aika wa. Akwai wani rige-rige da ke ɓoye a wajen saki. Ka sauke tuta, ka aika saki, kafin zaren ya samu damar gudu sai ka sake ɗaga tuta ka aika sabuwar dakatarwa. Zaren ya farka, ya ga tuta a sama, ya koma barci a cikin tsohon mai karɓar, sabuwar siginar kuma tana toshe, ba za a taɓa yin sem_post na biyu ba, kai kuma kana jira. Ana magance shi ta hanyar sa zaren ya sake sem_post lokacin fita, mai saki ya jira wannan shaidar, ko kuma a maye gurbin tutar da lambar zagaye da ke ƙaruwa kowane karo.

A cikin mai karɓar sigina abin da aka halatta kaɗan ne. write, _exit, sem_post da sigsuspend suna cikin jerin da POSIX ta lamunce. malloc, printf, pthread_mutex_lock da pthread_cond_signal ba sa ciki, shi ya sa ake shaida da samafo, wato ta kiran sem_post. Ko taɓa bayanan da aka ware wa zare da __thread na iya jawo malloc a ɓoye idan kod ɗin yana cikin laburaren da aka ɗora da dlopen kuma karon farko ke nan da zaren ya taɓa su, saboda haka a taɓa su tun zaren na farawa. Ka kuma lura cewa duk wannan tsari bai kawar da matsalar farko ba. Zaren da ka tsayar yana iya riƙe da makullin malloc har yanzu. Don haka daga lokacin da ka aika dakatarwa har ka saki kowa, kai ma kana ƙarƙashin wannan dokar: ba malloc, ba printf, duk ƙwaƙwalwar da za ka buƙata ka tanade ta tun kafin.

Wajen zaɓen lamba, SIGUSR1 da SIGUSR2 kowa na rububinsu, HotSpot, injin da ke gudanar da Java, ma yana amfani da SIGUSR2 a cikin gida. Gara siginonin da ke tsakanin SIGRTMIN da SIGRTMAX, waɗanda ke yin layi. Amma kada ka rubuta lambar da hannu. Kenel yana fara su daga 32, glibc ta riƙe 32 da 33 don pthread_cancel da kuma daidaita setuid a duk zaruruwa, shi ya sa SIGRTMIN ke zama 34, a musl kuma, wani laburaren C daban, 35. Rubuta SIGRTMIN+2 ko makamancin haka. Ka kuma kiyaye jerin zaruruwanka da makulli, kowane zare ya cire kansa kafin ya fita, domin kiran pthread_kill a kan zaren da aka riga aka yi wa pthread_join abu ne da ƙa'ida ba ta fayyace sakamakonsa ba, yana iya faɗar da manhajar. Zaren da ya toshe siginar dakatarwa, wataƙila wani laburare ya kira sigfillset a kansa, ba zai taɓa amsawa ba, saboda haka sem_timedwait ya fi sem_wait, aƙalla za ka san wanda ya ƙi.

Farashin ƙarshe shi ne EINTR. SA_RESTART yana sake tayar da read da write da wait, amma poll, select, epoll_wait da nanosleep suna dawowa da EINTR ko da an sa shi, haka ma soket ɗin da aka sa wa wa'adi da SO_RCVTIMEO. Duk kod ɗin da ke cikin furoses, har da na laburaren da ba kai ka rubuta ba, dole ya iya sake gwadawa. Lokacin da sigar 1.14 ta yaren Go ta fara katse ayyukanta da SIGURG a 2020, irin wannan ne ya fito fili, kod ɗin da bai taɓa kula da EINTR ba ya fara ganinsa a kai a kai. Kuma ko Go ɗin, mai karɓar siginar yana duba ko wurin da aka katse amintacce ne, idan ba haka ba ya ƙyale a sake gwadawa. HotSpot kuwa don kwashe shara yana sa zaruruwa su duba wata alama a wuraren da aka tsara, wato dai roƙon nan da na fara ba ka shawara, sai dai injin ne ke saka wuraren dubawar.

pthread_cancel ba madadin dakatarwa ba ne, kashe zare yake yi, kuma nau'insa na nan take yana da haɗarin makullai iri ɗaya. Idan kuma abin da kake so shi ne tsayar da zare ɗaya don ka leƙa rajistocinsa, ptrace ne kayan aikin, da PTRACE_SEIZE da PTRACE_INTERRUPT tun Linux 3.4, amma daga wani furoses daban ake yinsa, wanda makullansa ba su haɗu da na wanda ake dubawa ba.

Idan sigina ta ƙi isa inda kake tsammani, buɗe /proc/PID/task/TID/status na kowane zare. SigBlk shi ne shingensa, SigPnd layinsa, ShdPnd layin furoses, SigCgt waɗanda aka ɗora wa mai karɓa. Sigina mai lamba n tana a bit na n-1, don haka zaren da ya toshe SIGINT da SIGTERM kaɗai zai nuna 0000000000004002. Zaren da ke nuna sifili zalla alhali sauran na nuna wannan lambar shi ne ƙofar da aka bari a buɗe. strace -f zai nuna maka wane zare ya karɓi wace sigina da kiran da ta katse. A dibagar gdb kuma sai ka rubuta handle SIG36 nostop noprint pass, ko sunan siginar da ka zaɓa, in ba haka ba zai riƙa tsayar da manhajar duk lokacin da siginar dakatarwa ta wuce, ya canza maka tsarin lokacin da kake ƙoƙarin bincika.